Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya: waƙarmu tana tsayawa a boda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban hukuma, tare da sauran manyan ma'aikata, ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a, Allah ya dafa muku. Ni ɗan kasuwa ne a Farm Centre nan cikin Kano, ina da ɗan teburi inda nake gyaran waya da saita manhajoji da tura waƙa a memori, shekara 13 kenan ina kan wannan sana'a kuma da ita nake riƙe gida. Ban taɓa rubuta wa wata hukuma takarda ba sai yau, abin ne ya daɗe yana cina a rai, na faɗa a majalisa na faɗa a situdiyo har na gaji, sai na ga gara in kawo kukana inda ake iya share hawaye.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce aka sa bikin ƙanwata a Maraɗi, ɗiyar ƙanin mahaifiyata ce, tare muka tashi a gida ɗaya kafin su koma can. Wanta ya kira ni ya ce yaya kai ne masanin waƙa, ka haɗo mana waɗanda za a sa ranar kamu da ranar wuni. Na zauna dare biyu na tsamo waƙa 38 a cikin wata manhaja da nake biyan kuɗinta duk wata, na jera su yadda za su bi juna, na shigowar amarya daban na fitar ƙawaye daban, na tura masa link ɗin. Ba a yi minti goma ba sai ga kiransa, ya ce yaya wasu fa sun dushe, in na taɓa ba sa tashi, akwai wani rubutu da yake fitowa da Faransanci cewa babu wannan a ƙasarku. Na ce ya ɗauko hoton fuskar wayar ya turo. Guda 11 ne suka yi toka-toka kamar an shafa musu habɗi, kuma har da wadda amaryar ta fi so, wadda aka rera a Zoo Road, da Hausar da shi da ni muke magana da ita a wayar a daidai wannan lokacin. Manhaja ɗaya muke amfani da ita ni da shi, shi ma yana biya da sefa, bambancin kawai ni akawun ɗina na Najeriya ne nasa na Nijar.

Kun san yadda aka ƙare? Memori na ɗauko na zuba su duka, na naɗe a takarda da salatef, na kai tashar Ƙofar Ruwa na ba direba da ɗan kuɗin goro, washegari da la'asar ya isa. An sha biki an watse, amma mawaƙan nan ko sisi bai shiga aljihunsu ba daga wannan bikin, alhali mun so mu biya, wallahi mun so mu biya, ƙofar ce aka rufe mana.

Kuma kada a ce mai tura waƙa ne yake kukan munafunci. Na san me sana'armu ta yi wa mawaƙa, na ga lokacin da kasuwar kaset da CD ta Ƙofar Wambai take cike maƙil har ba wajen sa ƙafa, na kuma ga yadda ta mutu a kan idonmu, kuma muna cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Shi ya sa tun wajen shekara huɗu da suka wuce duk wanda ya kawo min babbar waya nake lallaɓa shi in ce bari in buɗe maka manhaja ka dinga ji ta halal, mawaƙi ya samu kai ma ka huta da cikar memori. To da wane baki zan ci gaba da faɗin haka in mutum zai biya kuɗinsa sannan a ce masa wannan ba ta ƙasarku ba ce?

Bayan bikin ban haƙura ba, na je wajen wani abokina furodusa a Zoo Road wanda a situdiyonsa aka buga biyu daga cikin waƙoƙin, na ce don Allah nuna min inda gizo yake saƙar. Ya buɗe kwamfuta ya shiga shafin kamfanin dillancin da suke ɗora waƙa ta hannunsa, domin mawaƙi ba ya kai waƙarsa shagon intanet da kansa, sai ta hannun dillali, shi ne yake rarraba ta ga shaguna. A cikin fom ɗin akwai wani waje da ake zaɓar ƙasashe, ko ka danna duniya baki ɗaya ko ka zaɓi ɗai-ɗai. Sai ga shi yaron da ya ɗora musu waƙar shekarun baya Najeriya kaɗai ya danna. Me ya sa? Saboda mawaƙin ya taɓa sa hannu a wata takarda da wani kamfani shafi tara da Turanci, an ba shi ɗan kuɗi a hannu, a ciki akwai layin da ya ba su ikon waƙar a duk wajen Najeriya, su kuma ba su ɗora ta ko'ina ba, suna zaune a kanta kawai. Mawaƙin bai ma san da wannan layin ba sai ranar. Ya riƙe kai ya ce yanzu duk masoyana na Damagaram da suke cika min waya da saƙo ba sa iya jina ta nan? Aka ce masa eh. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma jikina ya yi sanyi.

A nan na fahimci cewa shagon da muke gani guda ɗaya a waya ba ɗaya ba ne, rumbuna ne jere, kowace ƙasa da nata rumbun da nata makulli. Kuma kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta, akwai na sautin da aka naɗa a situdiyo, akwai na baiti da karin da aka tsara, kowanne yana iya zama a hannun mutum daban kuma a kowace ƙasa daban. In guda ɗaya bai cika ba a wata ƙasa sai shagon ya rufe waƙar a can don kar a maka shi a kotu. Ba ni zan koya muku wannan ba ranka ya daɗe, aikinku ne, na faɗa ne don 'yan uwana da za su karanta su gane cewa ba netwok ba ne kuma ba wayarsu ce ta lalace ba, don da yawa nan suke kawo min waya su ce in gyara.

Abin ba a kanmu aka fara ba. Lokacin da Apple ya buɗe shagon iTunes a Amurka a watan Afrilu 2003, waƙa ɗaya santi 99, sai mai katin bankin Amurka ne yake iya saye. A 2004 aka buɗe wa Ingila da Faransa da Jamus, kowa da shagonsa, Bature na Landan yana biyan fam ɗin da ya fi abin da na Faris yake biya da yuro kuma an hana shi tsallakawa ya saya a can. Masu kare haƙƙin masu saye a Ingila suka kai ƙara, a 2007 hukumar Tarayyar Turai ta tuhumi Apple da manyan kamfanonin faifai a kan wannan rabe-raben, a farkon 2008 Apple ya yi alƙawarin daidaita farashin. A Jamus kuwa rigima tsakanin ƙungiyar mawaƙansu GEMA da YouTube ta sa daga 2009 har zuwa Nuwamba 2016 bidiyon waƙa masu ɗimbin yawa ba sa buɗuwa a ƙasar, shekara bakwai cur. Amma su ba su naɗe hannu ba. A 2014 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta sauƙaƙa bayar da lasisi ɗaya da zai yi aiki a ƙasashe da yawa, ƙungiyoyin karɓar haƙƙin mawaƙa na Ingila da Suwidin da Jamus suka haɗa ofishi guda mai suna ICE yana wannan aikin, sannan daga 1 ga Afrilu 2018 duk wanda yake biyan kuɗin manhaja a wata ƙasar Tarayyar in ya yi tafiya zuwa wata, rumbunsa na gida yana bin sa. Mutanen da kowa da yarensa fa kenan, Bajamushe ba ya jin Faransanci, amma suka ga ya dace su haɗa.

Mu kuma harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya tun kafin a zana boda. Bahaushe yana Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni, yana zangon Kumasi da Nima a Ankara ta Gana, yana Garwa da Marwa da Yawunde, yana Injamena, yana Sudan, ga Makka da Jidda. Duk mawaƙin Kano da ya taɓa zuwa wasa Nijar zai faɗa muku irin tarbar da ake masa, wani lokacin ta fi ta gida. Tun zamanin kaset 'yan kasuwa suke lodin kwali-kwali daga Kano su tsallaka da su, ba wanda ya taɓa ce musu wannan kaset ɗin ba ya juyawa a rediyon Nijar. A watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, a cikin wannan watan kuma Spotify ya sanar da shigowarsa Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da wasu ƙasashe sama da 80. Wato mun yarda mu kashe maƙudan kuɗi mu shimfiɗa ƙarfe don buhun gero da siminti su wuce, to ita waƙa da ba ta da nauyi, ba ta buƙatar kwastan ba ta buƙatar tirela, me zai hana a share mata hanya?

Akwai wani dattijo da yake zuwa wajena duk Juma'a bayan an sakko daga masallaci, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ɗansa da yake karatu a Ingila ya turo masa wani tsohon kiɗan kukuma da wani kamfanin Turawa ya naɗa a ƙasar nan tun yana saurayi. Ɗan yana ji a can lafiya lau, uban ya danna a nan Kano aka ce babu a ƙasarku. Ya miƙo min wayar hannunsa yana ɗan rawa ya ce yaro duba min ko ni ne ban iya ba. Na duba na ce Baba ba laifinka ba ne, haka suka tsara. Ya yi shiru ya jima sannan ya ce to in ba a ƙasarmu ba a ƙasar wa? Ban samu abin ce masa ba. Wannan ta fi ta bikin yi min ciwo, domin kayan gidanmu ne aka kulle a ɗakin wani, kuma mai yiwuwa ba da mugunta ba, kawai ba wanda ya taɓa zuwa ya ƙwanƙwasa musu ƙofa ya ce ku buɗe wa Najeriya.

Sai kuma wahalar akawun. Mutum ya tafi Umara ko ya koma Jidda da zama, in yana kan tsarin kyauta a wasu manhajojin kwana 14 kawai ake ba shi a waje sannan a ce ya canja ƙasa, in ya tashi canjawa a ce sai da katin bankin sabuwar ƙasar, in ya canja kuma wasu waƙoƙin da ya tara shekara da shekaru su ɓace. Katin kyauta da aka saya na wata ƙasa ba ya aiki a shagon wata. Ga lokacin da bankunanmu suka rage kashe dala da katin naira zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya da yawa suka dakatar gaba ɗaya, mutane nawa ne akawun ɗinsu ya mutu a lokacin? Abin da samari suke yi yanzu shi ne VPN, su yi ƙaryar suna wata ƙasa, ni kaina ana kawo min in saka ina ƙi wani lokacin ina sakawa, kuma duk wanda aka koya wa tsallake katanga sau ɗaya ba lallai ya sake neman ƙofa ba.

Tsakani da Allah zan faɗi ɗaya ɓangaren, don ba cewa nake a rushe komai a mai da shi ɗaya ba. Rabuwar shaguna tana da amfaninta wajen farashi. Lokacin da Spotify ya shigo naira 900 ake biya a wata a nan, a Amurka kuma dala 9.99, da an ce kowa ya biya farashin Amurka ba mai iyawa a layinmu ko mutum ɗaya. Haka Boomplay da ya fara a 2015 yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya karɓu ne saboda ya san aljihun mutanen nan. Turai sun nemi farashi ɗaya don aljihunsu ya kusa zama ɗaya, mu ba haka muke ba. Kuma na san akwai waƙoƙin da dokar wata ƙasa ko tarbiyyarta ba ta yarda da su ba, mu ma nan Kano muna da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, wannan magana ce daban kuma ban zo da ita ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne, farashi ya bi aljihun kowace ƙasa, mai naira ya biya da naira mai sefa da sefa mai sidi da sidi, amma rumbun ya zama ɗaya. In an ɗora waƙar Hausa a Kano ta tashi a Maraɗi a ranar, in an ɗora a Yamai ta tashi a Kano, domin su ma mawaƙan Nijar suna da masoya a nan kuma su ma abin yana cinsu.

Na san ba ku ne kuke riƙe da makullin shagunan ba, amma ku ne kuke ba ƙungiyoyin karɓar haƙƙin mawaƙa lasisi kuma kuke sa ido a kansu, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta shigo da harkar intanet cikin aikinku. Don Allah ku zaunar da MCSN, ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa ta Najeriya, da takwarorinta, BNDA ta Nijar da GHAMRO ta Gana da na Kamaru da Chadi, a ƙulla yarjejeniyar da za ta ba shaguna lasisi guda na yankin nan, kuɗin kowa ya koma masa gida ko daga ina aka ji waƙarsa. Ba sabon abu ba ne ko a Afirka, CAPASSO ta Afirka ta Kudu tana bayar da lasisin intanet a madadin ƙasashe da dama. Na san siyasa ta shiga tsakani, an rufe boda a 2023 bayan juyin mulki, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, amma wannan yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin mawaƙa ce ba tsakanin sojoji da 'yan siyasa ba, kuma Najeriya da Nijar duka suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin masu fasaha, tushen yana nan.

Wanda ya fi gaggawa a wajena shi ne takardun nan da ake sa yaranmu suna sa hannu. Ku fitar da samfurin yarjejeniya da Hausa, gajere, wanda zai faɗa ƙarara ƙasashe nawa aka sayar, shekara nawa, kuma in kamfani ya karɓi ikon wata ƙasa ya zauna a kai bai ɗora ba har tsawon wani lokaci to ikon ya dawo hannun mai shi. Ku turo ma'aikatanku na ofishin Kano su shiga situdiyoyin Zoo Road da kansu, ba taron otal da za a gayyaci mutum ashirin a ci abinci a watse ba, su zauna da yaran da suke ɗora waƙa, domin su ne suke danna akwatin nan na ƙasashe kuma yawancinsu a waya suka koya ba wanda ya taɓa yi musu bayanin me yake nufi. A yi shiri a gidajen rediyo da Hausa, a buɗe layi mutane su kira. Tsofaffin faifan da suke hannun kamfanonin waje kuma, takarda ɗaya daga hukuma irin taku tana da nauyin da tawa ba ta da shi, ku rubuta musu ku nemi a buɗe wa ƙasar da aka naɗi kiɗan, a kuma nemo iyalan makaɗan a ba su rabonsu, da yawansu suna nan da rai a Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara suna fama.

Ku ma 'yan uwana mawaƙa da furodusoshi da za ku ga wannan, don girman Allah yau ɗin nan ku buɗe shafin dillalinku ku duba me aka danna muku, ku kira wani naku a Maraɗi ko Kumasi ku ce ya gwada waƙoƙinku ɗaya bayan ɗaya ya faɗa muku wacce ta dushe. Kar ku sake sa hannu a takardar da ba a karanta muku ita da Hausa ba ko nawa aka ajiye a gabanku.

Mu masu tura waƙa muna da yawa a Farm Centre da Beirut da Bata, kuma kullum mu ne muke gaba da gaba da mai sauraro, mun san wacce ake nema mun san wacce ta ƙi buɗuwa. In hukuma tana so, a shirye nake in zaga in tattaro sunayen waƙoƙin da suke rufe a Nijar da waɗanda suke rufe a nan, na ma fara, ina da littafi a ƙarƙashin teburina na rubuta 64 zuwa yanzu da sunan ƙasar da kowacce ta ƙi tashi. Abokina furodusa ya samu wani lauya yana duba takardar mawaƙin nan, sun rubuta wa kamfanin tun wata biyu da suka wuce suna jiran amsa. Dattijon nan kuma jiya Juma'a ma ya zo ya tambaye ni ko an buɗe, na ce masa Baba tukuna, amma na rubuta wa hukuma.

Na gode da lokacinku, Allah ya ƙara girma, a huta lafiya.

Naku,
mai gyaran waya da tura waƙa, kasuwar Farm Centre, Kano.